Sunan Allah a Filin Asambili

(Kiɗan buɗe shiri)

  Ina miƙa gaisuwa ta musamman ga mutanen Utai da ƙauyukan da ke kewaye da ita, da na cikin garin Wudil, da Darki, da Indabo, da Lajawa, da Achika, da Kausani, da duk inda Allah ya kai muryarmu. Iyaye maza da mata, malaman makaranta, da ku yara manyan gobe, a matso kusa da rediyo, domin maganar yau ta shafi duk gidan da ke tura ɗa makarantar boko.

Maganar ita ce abin da 'ya'yanmu ke furtawa kowace safiya a filin makaranta kafin su shiga aji. Wanda ya taɓa giftawa ta gefen firamare da misalin ƙarfe takwas saura kwata ya san abin da nake nufi. An buga ƙararrawa, wadda a makarantu da yawa tsohon wilin mota ne da aka rataye a jikin darbejiya. Yara sun jeru layi-layi, kowane aji da nasa, gajeru a gaba, dogaye a baya, mata gefe guda da hijabansu, maza gefe guda. Malamin da ke kan aiki yana zagawa yana duba farce da wankin yunifom, makararru kuwa an tsare su a bakin ƙofa. Sai a kira yaro guda ya buɗe da addu'a, a karanta Fatiha, a yi salati, a shafa. Daga nan a ƙame, a fuskanci tuta, a rera taken ƙasa, a ɗora hannu a ƙirji a karanto alƙawarin biyayya ga Nijeriya. Hedimasta ya yi sanarwa, a wuce aji.

Addu'a, take, alƙawari, duk a cikin 'yan mintoci, kuma babu wanda ya rabu da ambaton Allah a cikinsu. Addu'a dai addu'a ce. Taken ƙasa, ko da yake galibi baitin farko ake rerawa, baitinsa na ƙarshe roƙon Ubangiji ne daga farko har ƙarshe. Alƙawarin kuwa da neman taimakon Allah ake rufe shi. To, makarantar ta gwamnati ce, da kuɗin kowa da kowa aka gina ta, Musulmi da Kirista da wanda ba ya bin ko ɗaya. Kundin tsarin mulkin ƙasar nan kuma ya hana gwamnati ta ɗauki wani addini ta ce shi ne addinin ƙasa. Ta yaya waɗannan biyun za su zauna inuwa ɗaya? Wannan tambaya ta kai wasu ƙasashe gaban kotunan ƙoli, ta haddasa rufe makarantu a nan Nijeriya, kuma gara mu tattauna ta cikin sanyin rai tun ba ta zo mana da zafi ba.

Mu fara da asalin alƙawarin, domin da yawa daga cikinmu mun haddace shi ba mu san mai shi ba. Wata malamar jami'a ce, Farfesa Felicia Adebola Adedoyin, 'yar asalin garin Saki a jihar Oyo ta yanzu, ta rubuta shi. 'Ya'yanta sun yi karatu a Amurka da Gana, inda suka saba karanta irin wannan alƙawari a makaranta, shi ne suka tambaye ta me ya sa Nijeriya ba ta da nata. Ta zauna ta tsara, jaridar Daily Times ta buga a ranar 15 ga Yulin 1976, maganar ta kai kunnen shugaban mulkin soja Janar Olusegun Obasanjo, shi kuma ya ba da umarnin a riƙa karanta shi a makarantu. Ku dubi lokacin da abin ya faru. Shekara shida ke nan da gama yaƙin basasa. Wata biyar ke nan da kashe ɗanmu Janar Murtala Ramat Muhammad a Legas, ranar 13 ga Fabrairun 1976. A watan Satumbar wannan shekara ce kuma aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE, wanda ya kai makarantar boko ƙauyukan da ba su taɓa ganin allon bango ba. Ƙasa ce da ta ji jiki, take neman zaren da za ta ɗinke kanta da shi, sai ta ga babu inda ya fi dacewa a fara ɗinkin kamar bakin yara.

Taken ƙasa kuwa sau biyu muna sauya shi. Wanda aka karɓi 'yancin kai da shi a 1960, wata Baturiyar Ingila mazauniyar Nijeriya, Lillian Jean Williams, ita ta rubuta kalmominsa. A 1978 aka ajiye shi aka kawo wanda 'yan ƙasa biyar suka haɗu a kan kalmominsa, shugaban 'yan badujalar 'yan sanda Benedict Odiase ya sa masa kiɗa. Ranar 29 ga Mayun 2024 Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa hannu a dokar da ta dawo da na 1960. Abin lura shi ne, da tsohon da sabon, kowanne yana da baiti guda da aka keɓe domin roƙon Allah Mahalicci ya dafa wa ƙasa. Har ma a 2012, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a riƙa amfani da baiti na biyu na taken wancan lokaci a matsayin addu'ar ƙasa a tarukan gwamnati, maimakon a kira liman ya yi tasa, a kira fasto ya yi tasa.

To me doka ta ce? A nan nake so a saurara da kyau, domin wurin da ake yawan tafka musu ke nan ba tare da an buɗe kundin ba. Sashe na 10 na tsarin mulkin 1999 jimla ɗaya ce tak, ma'anarta kuwa gwamnatin tarayya ko ta jiha ba za ta ɗauki wani addini a matsayin addinin gwamnati ba. Amma shi wannan kundi, a gabatarwarsa, ya bayyana Nijeriya a matsayin ƙasa ɗaya da ke ƙarƙashin ikon Allah. Rantsuwar kama aiki ta shugaban ƙasa da gwamnoni da alƙalai da ke cikinsa da neman taimakon Allah take ƙarewa. Ya tanadi kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci ga jihar da ke so. Sashe na 24 kuma ya ɗora wa kowane ɗan ƙasa nauyin girmama tuta da take da alƙawarin ƙasa. Ke nan waɗanda suka rubuta kundin ba su yi niyyar korar sunan Allah daga sha'anin jama'a ba. Abin da suka hana shi ne gwamnati ta zama ta wani addini, ta mai da mabiya sauran addinai 'yan bora.

Ba a banza aka iso wannan matsaya ba. A majalisar tsara kundin mulki ta 1977 zuwa 1978 an yi sa-in-sa mai zafi a kan kotun shari'a ta tarayya, har wakilai Musulmi suka fice daga zauren a watan Afrilun 1978. A 1986 ƙasa ta ɗauki ɗumi da aka ji gwamnatin Janar Babangida ta shigar da Nijeriya ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC. Da Zamfara ta ƙaddamar da shari'a a 1999, Kano ta bi a watan Yunin 2000, gardamar sashe na 10 ta sake tasowa, kuma har yau lauyoyi ba su gama ta ba. Ba ita ce gabanmu a yau ba. Gabanmu filin asambili ne, kuma akwai sashen da ya yi magana a kansa kai tsaye, wanda nake fatan kowane hedimasta zai rubuta shi ya manna a ofishinsa.

Sashe na 38 ne. Ƙaramin sashe na ɗaya ya ba kowa 'yancin yin addininsa, a ɓoye ko a bayyane, shi kaɗai ko cikin jama'a. Ƙaramin sashe na biyu kuwa ɗalibi ya nufa. Abin da ya ƙunsa shi ne, duk wanda ke karatu a wata makaranta, ba za a tilasta masa ɗaukar darasin addini, ko shiga wata ibada, ko halartar wani bikin addini ba, matuƙar ba addininsa ba ne, ko ba wanda iyayensa ko mariƙinsa suka amince da shi ba ne. Ku lura, ba shiga kawai aka ambata ba, har halarta. Ƙaramin sashe na uku kuma ya ba kowace al'ummar addini damar koyar da addininta ga 'ya'yanta a makarantar da ita kaɗai ke ɗaukar nauyinta. Saboda haka Islamiyyar da mutanen unguwa suka gina da guminsu tana da hukuncinta, makarantar coci tana da nata, firamaren gwamnati kuwa ta kowa ce.

(Gajeren kiɗa)

Ga waɗanda suka kama mu yanzu, muna magana ne a kan ambaton Allah a taron safe na makarantun gwamnati, da abin da doka ta tanada game da shi. Bari mu leƙa waje kaɗan, domin ganin yadda wasu suka kwashe da wannan lamari zai taimaka mana.

A Amurka, inda 'ya'yan Farfesa Adedoyin suka fara jin irin wannan alƙawari, wani mai suna Francis Bellamy ne ya rubuta nasu a 1892, kuma babu sunan Allah a cikinsa a lokacin. Sai a 1954, zamanin Shugaba Eisenhower, ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyat, majalisa ta ƙara kalmomi biyu da ke nuna ƙasar tana ƙarƙashin Allah, domin su bambanta kansu da 'yan gurguzu masu musun samuwar Ubangiji. Amma tun kafin wannan ƙari rigima ta riga ta ɓarke. A 1935, a wani ƙaramin gari mai suna Minersville a jihar Pensilbaniya, aka kori wasu yara biyu, ya da ƙane, mabiya ɗarikar Shaidun Jehobah, saboda sun ƙi sara wa tuta, domin a aƙidarsu hakan ya yi kama da bauta wa abin da ba Allah ba. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1940 alƙalai 8 cikin 9 suka ce makaranta na da gaskiya. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ji. Mutanen gari suka ɗauki hukuncin a matsayin lasisi, aka riƙa dukan 'yan ɗarikar a garuruwa daban-daban, aka ƙona musu wurin ibada, aka kori 'ya'yansu daga makarantu. Bayan shekara uku kacal, ranar 14 ga Yunin 1943, ita dai wannan kotu ta warware hukuncinta, alƙalai 6 cikin 9 suka ce gwamnati ba ta da ikon tilasta wa yaro ya furta abin da zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. A 1962 kuma kotun ta hana hukumomi tsara wa makarantun gwamnati addu'ar da za a riƙa karantawa. Har yau ana karanta alƙawarin a makarantunsu da sunan Allah a ciki, amma yaron da ya ƙi, doka na bayansa.

Indiya ta ga irin wannan. A jihar Kerala, a 1985, aka kori yara uku 'yan gida ɗaya saboda ba sa rera taken ƙasa, ko da yake suna miƙewa tsaye cikin ladabi idan ana rerawa. A watan Agustan 1986 Kotun Ƙolin Indiya ta ce a mai da su makaranta, domin tsayuwar da suke yi ta wadatar a matsayin girmamawa. Faransa kuwa wata hanya ta bi daban. Ta raba coci da gwamnati da dokar 1905, sannan a 2004 ta hana sanya duk wata fitacciyar alamar addini a makarantun gwamnati, da hijabi, da babban kuros, da hular Yahudawa. Maƙwabtanmu na Nijar sun rubuta raba addini da gwamnati ƙarara a tsarin mulkinsu na 2010, amma shi wannan kundi ya tanadi shugaban ƙasa ya rantse da littafin addininsa.

Ni a ganina hanyar Faransa ba za ta ɓulle da mu ba, kuma ba ma bukatarta. Ƙasar nan da muke zaune a ciki ta san ilimi da addini a haɗe tun kafin a haifi Nijeriya. Masana tarihin Kano suna ambaton Utai a matsayin mazaunin Joɓawa, dangin Malam Bakatsine, ɗaya daga cikin malaman da suka jagoranci jihadi a ƙasar Kano a farkon ƙarni na 19, kuma zuriyar da aka sani da sarautar Makaman Kano. Su kansu Turawan mulkin mallaka sun gane haka. Lugga ya yi alƙawari a Sakkwato a 1903 cewa ba za a taɓa addinin jama'a ba, kuma makarantar da Baturen nan Ɗan Hausa ya buɗe a Nassarawar Kano a 1909 an haɗa ta da karatun addini a hannun malamai. Duk wanda ya ce a cire Fatiha daga bakin ɗan Utai da safe, a cire sunan Allah daga take da alƙawari, to ya shirya ganin azuzuwa wayam, domin tsoron da ya hana kakanninmu kai 'ya'yansu boko shi zai dawo sabo fil. Don haka ina tare da masu cewa a bar sunan Allah inda yake.

Sai dai barin sa a wurin yana da haƙƙi a kanmu, kuma a nan ne nake ganin muna da gyara.

Ku tsayar da ɗan aji uku bayan an tashi, ku ce ya faɗa muku da Hausa abin da ya yi alƙawari a kai da safe. Da yawa za su yi shiru. Ba laifinsu ba ne, da Turanci aka ba su, suka hardace sautin ba ma'anar ba, wasu kalmomin ma sun narke a bakinsu har Baturen da ya haifi harshen ba zai gane su ba. Alhali abin da yaron ke faɗa babba ne: zai riƙe amana, zai yi biyayya, zai yi gaskiya, zai bauta wa ƙasa iyakar ƙarfinsa, zai kare haɗin kanta da mutuncinta, sannan ya roƙi Allah ya taimake shi a kan haka. Hausawa sun ce alƙawari kaya ne. Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawari ta buɗe, Suratul Isra'i kuma ta gargaɗe mu cewa abin tambaya ne ranar gobe. Yaya za mu ɗora wa yaro kaya irin wannan shekara shida, kullum safiya, har da ambaton Ubangiji, ba mu taɓa kwance masa ya ga abin da ke ciki ba? Abin da yake koya a nan shi ne ana iya kiran sunan Allah a kan maganar da ba a nufe ta ba. Yaron da ya tashi a haka, ranar da ya girma aka miƙa masa Alƙur'ani ya rantse zai riƙe dukiyar jama'a bisa amana, bakinsa ya riga ya saba.

Wannan rami na rashin fahimta ya taɓa ci mana rayuka. Masu aƙidar Boko Haram sun shigo ta nan. Sun gaya wa matasa cewa tsayuwa ga tuta shirka ce, alƙawarin ƙasa mubaya'a ce ga ɗagutu, shugabansu Abubakar Shekau ma ya sha fitowa a faifan bidiyo yana izgili da kalmomin alƙawarin. Matasan da suka yi shekaru suna karanta shi ba su san me yake cewa ba, ba su da abin mayar da martani, wasu har suka yayyaga takardun shaidar karatunsu. Malamai irin su marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, wanda aka harbe a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilun 2007 yana limancin sallar asuba, sun tsaya sun warware shubuhar haramta karatun boko da aikin gwamnati da hujja. Gaskiya ne malaman duniya sun saɓa a kan gaisuwar tuta, kwamitin fatawa na Saudiyya ya hana, gidan fatawa na Masar ya halatta yana mai cewa alama ce ta ƙaunar ƙasa ba ibada ba. Amma haɗuwa da waɗanda ba addininku ɗaya ba a kan tsare gaskiya da hana zalunci abu ne mai asali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya halarci ƙawancen Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an tun kafin aiko shi, kuma ya yabe shi bayan zuwan Musulunci. Malamin addini na makaranta zai iya bayyana wa yara wannan a darasi ɗaya, malamin Hausa ya fassara musu alƙawarin da baitocin taken a allo. Ba a bukatar kasafin kuɗi, alli kawai ake bukata.

Ɗaya haƙƙin ya fi wuyar faɗa, amma dole a faɗe shi. A cikin layin nan na safe, ba lallai ne kowa ya zama Musulmi ba. Wani zai ce a Utai? E, ko a Utai. Wudil gari ne na baƙi. Ga Makarantar Horar da Manyan Jami'an 'Yan Sanda da ke ɗaukar ɗalibai da ma'aikata daga kowace jiha, ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote, ga kasuwar Kara da fataken shanu ke zuwa daga kudu kowace Juma'a, ga ma'aikatan asibiti, ga masu bautar ƙasa da ake turo mana su koyar. Ga kuma 'yan'uwanmu Hausawa Kiristoci da Maguzawa a kudancin Kano, wajejen Sumaila da Tudun Wada da Rogo, waɗanda ba baƙi ba ne, nan aka binne cibiyarsu. Ku ɗauka ɗan wani kurtun ɗan sanda ne da aka yi wa canjin wurin aiki, shekararsa takwas, shi kaɗai ne Kirista a ajinsu. An ce a ɗaga hannu a yi Fatiha, ya tsaya hannunsa a ƙasa. Yara sun juyo suna kallonsa, wani ya yi dariya, malami ya daka masa tsawa ya ce me ya sa ba ya yin abin da ake yi. Gobe sai ya ɗaga hannu yana motsa leɓe don a ƙyale shi. Ba a musuluntar da shi ba, an dai koya masa ɓoye abin da ke ransa, an kuma taka sashe na 38, an saɓa wa aya ta 256 a Suratul Baƙara wadda ta kore tilas a sha'anin addini.

Yanzu ku juya hoton. 'Ya'yan Utai nawa ne ke zaune a Fatakwal da Anaca da Legas, suna sayar da albasa da shanu da goro, 'ya'yansu na zuwa makarantun can? Idan aka ce 'yarka ta durƙusa ta rufe ido ta yi waƙar coci kafin ta shiga aji, in ta ƙi a zane ta, yaya za ka ji? Abin da zai kare ta a can shi ne wannan sashe na 38 da ke kare ɗan kurtun nan a nan. Kuma an gwada an gani. Gwamnatin Legas ta hana ɗalibai mata sanya hijabi a makarantunta, Babbar Kotu ta goyi bayanta a 2014, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin a 2016, ranar 17 ga Yunin 2022 kuma Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 cikin 7, ta tabbatar wa yaran 'yancinsu. Mun yi murna, kuma ya kamata mu yi. To tun a 1996 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta saurari koken wasu iyaye Kiristoci daga Gwoza a jihar Borno, waɗanda suka ce ana biyan malaman addinin Musulunci daga asusun ƙaramar hukuma, su kuwa an bar su su biya nasu, ana kuma sa 'ya'yansu zama a darasin da ba na addininsu ba. Kotun ta ce wannan magana ce ta haƙƙin ɗan ƙasa, kuma kotu na da hurumin sauraronta. Doka mudu ɗaya ce. Kowa a kasuwar Wudil ya san sunan mutumin da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, kuma akwai sura guda a Alƙur'ani da aka sa wa sunan irin waɗannan mutane.

Inda aka ƙi yin adalci da wuri, makaranta ce ke biyan kuɗin. A garin Iwo na jihar Osun, a 2016, bayan kotu ta halatta hijabi, wasu ɗalibai Kiristoci sun zo aji sanye da rigunan coci, makaranta ta koma fagen nuna ƙwanji. A Ilori, a 2021, sai da gwamnatin Kwara ta rufe makarantu 10 saboda rikicin hijabi. A 2017 ƙasa ta ɗauki hayaniya a kan haɗa darussan addinin Musulunci da na Kirista ƙarƙashin inuwar darasi ɗaya, har ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a raba su. A duk waɗannan, manya ne ke jayayya, yara ne ke rasa karatu.

Abin da nake roƙon malamanmu shi ne a bambance tsakanin abin da yake na ƙasa da abin da yake na ibada. Take da alƙawari na kowa ne, kowane yaro ya tsaya musu cikin ladabi, kuma ambaton Allah da ke cikinsu an tsara shi ne yadda Musulmi da Kirista za su iya cewa amin. Addu'ar Musulunci kuwa ibada ce. A yi ta, ba wanda ya hana, amma yaron da ba Musulmi ba a sanar da shi tun ranar da aka ɗauke shi cewa yana da damar ya tsaya shiru ko ya koma gefe ya yi tasa, kuma a ja wa sauran yara kunne kada wanda ya tsokane shi. Lokacin darasin addini, a sama masa inda zai zauna da littafinsa, kada a bar shi yana gararamba a rana kamar mai laifi. Haka malama mai bautar ƙasa da ba Musulma ba, kada a sa ta jagorantar abin da ba ta yi imani da shi ba, ita ma kada ta koya wa 'ya'yan mutane waƙoƙin cocinsu da sunan waƙar motsa jiki. In kuma aka samu yaron da mahaifinsa ya hana shi rera take saboda fatawar da yake bi, bulala ba za ta sauya fatawa ba. A kira uban, a zauna da shi da limamin gari da shugaban ƙungiyar iyaye da malamai, a fahimtar da juna, yaron kuwa ya ci gaba da karatunsa. Korar sa daga makaranta miƙa shi ne ga waɗanda ke jiran irinsa a bakin hanya.

Iyaye, ku ma akwai naku. Yau da daddare bayan an ci tuwo, ka kira ɗanka ko 'yarka, ka ce su karanto maka abin da suke faɗa a asambili, sannan ka tambaye su ma'anarsa. In ba su sani ba, ka je makaranta da kanka, cikin mutunci, ka roƙi hedimasta a fassara musu da Hausa. Ka kuma tambaye su ko akwai wanda ba Musulmi ba a ajinsu, da yadda ake zaune da shi. 'Yan kwamitin kula da makaranta, ku sa wannan magana a ajandar zamanku na gaba. Sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi, takarda ɗaya daga ofishinku za ta isa kowace firamare cikin mako guda, muna roƙon ku rubuta ta.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau. Allah ya raya mana zuri'a, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)